Sana'o'in da Kan Tsaya Sa'ad da Kasuwa Ta Faɗi a Ƙasar Illela

Mutumin Lafani, da sauran ƙauyukan ƙasar Illela, arzikinsa a rataye yake da iyaka. Ran Lahadi ake cin kasuwar Illela, dabbobi da wake su shigo daga wajen Birnin Ƙwanni, kayan masarufi su fita. To, cikin shekaru 40 an datse wannan ƙofa har sau uku: a 1984 zuwa 1986, daidai da farin da mutanen Nijar suka sa wa yunwarsa suna El Buhari, da Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma Agusta 2023, bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris 2024. Kowane karo ya gwada wa masu lura wace sana'a ce mai saiwa.

Waɗanda kan fara jin jiki su ne masu ci da ƙetare iyaka: direbobin manyan motoci, da 'yan kamasho, da 'yan dako. Bayansu sai masu shadda da atamfa, da magina, gama mai iyali yana iya ɗaga ginin soro zuwa baɗi, amma ba ya iya ɗaga tuwon dare.

Saboda haka mai awo ba ya rasa mai tsayawa gabansa, haka mai niƙa da mai ga-ruwa. Ungozoma da malamin asibiti su ma haka, don haihuwa da zazzaɓi ba su san an rufe iyaka ba. Amma wanda ya fi kowa samun shiga shi ne mai gyara. Sa'ad da sabo ya gagara saye, sai tsoho ya yi daraja: maƙeri ya ɗora wa garma baki, baduku ya ɗinke takalmi, mai faci da bakaniken babur su wuni ba su miƙe ba. Bayan janye tallafin man fetur a Mayu 2023, har amalanken jaki sai da ta ƙara kima.

Sai dai fa yawan masu nema dabam, riba dabam. Mai awo yakan auna wa maƙwabci tiya biyu bashi, kunya ta hana shi tambaya, kafin kaka jari ya narke alhali rumfarsa cike take da jama'a. A farkon 2023, da takardun Naira suka yi wuya, mai hatsi a rumbu ya fi mai kuɗi a banki kwanciyar rai.

Malamin allo kuwa aikinsa ba ya yankewa, hasali ma a shekarar yunwa almajirai ƙaruwa suke yi, amma kuɗin Laraba da sadaka raguwa suke. Shi ya sa malaman dā suka riƙa haɗa karantarwa da noma, ko ɗinkin hula, ko rubutun Alƙur'ani, kuma suna sa manyan almajiransu koyon wata sana'ar hannu kafin sauka.