Ɗalibin Likita da Wayarsa a Gefen Gadon Majinyaci

Duk wanda ya yi jinya a Asibitin Murtala ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero a Kano ya san su: samari da 'yan mata cikin farar riga, suna biye da babban likita gado-gado, kowa da ɗan littafinsa, da yawa kuma da waya a hannu. Wata uwa tana ganin haka sai ranta ya ɓaci, ta ce ɗanta na kwance rai a hannun Allah, su kuma suna latse-latse. Wani lokacin tana da gaskiya. Amma sau da yawa abin da ke kan allon wayar ba hira ba ce, karatu ne.

Karatun likita a Najeriya shekara shida ne. Daga aji huɗu ɗalibi yake barin ɗakin lacca ya shiga asibiti, yana zagaya sassa: yara, mata da haihuwa, tiyata, cututtukan manya. Ɗaliban Jami'ar Bayero gidansu shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A wannan zagaye ilimi ba ya zuwa bisa tsarin littafi. Yau ka ga mai sikila, gobe mai jijjigar haihuwa, jibi wanda mota ta buge. Babban likita yana da marasa lafiya cike da ɗaki da ɗalibai cike da baranda, ba zai tsaya ya warware wa kowa komai ba. Wannan giɓin ne dandalin karatu na intanet yake cikewa.

Annobar korona ce ta tura mutane da yawa can ba shiri. An rufe makarantu a Maris 2020, ga yajin aikin malaman jami'a na ASUU na wannan shekarar da ya kai Disamba, sannan na 2022 da ya ci wata takwas. Ɗalibai suka koma Zoom da WhatsApp da YouTube, kuma da aka dawo ba su bar su ba. A Geeky Medics za ka ga yadda ake duba ƙirji ko ciki mataki-mataki. Radiopaedia tana da tarin hotunan ƙashi da na huhu da bayaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da darussa kyauta, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma tana sanya ƙa'idojin kula da cututtuka irin su zazzaɓin Lassa a shafinta. Ɗalibin da ya kalli bidiyon minti goma da daddare, ya wayi gari ya sa hannu a cikin majinyaci, ya fi wanda ya zo ido rufe. Wannan babu tantama.

Sai dai mafi yawan waɗannan darussa a Ingila da Amurka aka shirya su, don marasa lafiyarsu. Za a nuna maka jan ƙurji a farar fata, ko leɓen da ya koma shuɗi, alhali yaron da ke gabanka daga Jakara yake ko Yakasai. Ƙarancin jini a jikinsa sai ka ja fatar idonsa ƙasa, ka buɗe tafin hannunsa, ka dubi harshe. Wannan matsalar ce ta sa wani ɗalibin likita a Landan, Malone Mukwende, ya fitar da littafin Mind the Gap a 2020, kan alamomin cuta a baƙar fata. Haka ma mashaƙo: a can ta kusa zama tarihi, a nan kuwa Kano ce cibiyar ɓarkewarta tun ƙarshen 2022. Kumburarren wuya da farar-tokar fatar da ke lulluɓe maƙogwaro, a gadon asibiti ake koyon gane su. Yoyon fitsari kuma, cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala ta fi kowane bidiyo koyarwa. Kuma babu manhajar da za ta koya maka yadda za ka zauna ka ce, "Sannu Iya, ina ne ke miki ciwo?" ka jira har ta gama zagaye-zagayenta ta faɗi abin da ya kawo ta.

Kuɗi ma magana ce. An amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, ga wuta ba tabbas. Dabarar ita ce a sauke darasi inda aka samu intanet mai sauƙi, a kalla daga baya. Iyaye kuma su sani kuɗin datar nan wani ɓangare ne na kuɗin littafi.

Abin da ya fi damuna shi ne hoto. Ɗalibi ya ga cutar da bai taɓa gani ba, ya ɗauka, ya tura zauren 'yan ajinsu da niyyar a ƙaru. Niyya mai kyau ce, amma cikin birni kowa ya san kowa. Fuska, ko sunan da ke jikin kati, ko ma zanen da mace ta ɗaura, ya isa a gane ta a unguwarsu kafin magariba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ƙarfafa hakan, kuma tun kafin doka, amana ce.

Ɗalibai, ku yi karatun waya kafin zagaye da bayansa. A gaban gado ta koma aljihu, in kuwa dole ne a duba wani abu, ku faɗa wa mai jinya abin da kuke dubawa. Adadin magani da kuka gani a intanet, ku tabbatar da shi wurin likitan da ke sama da ku. Ku kuma masu jinya, idan kuka ga an ɗaga waya kan ɗan'uwanku, ku tambaya. Kuna da damar cewa a'a, kuma hakan ba zai hana a duba shi ba.