Tashar Yanayi Mai Sarrafa Kanta: Na'urar da Manoman Tsauni Ke Buƙata

Duk wanda ya taɓa duba manhajar yanayi a Bokkos ko Gembu ya san halinta: waya ta ce rana za a yi, kafin la'asar sama ta kece da ruwa. Dalili kuwa shi ne wayarka ba ta auna komai a waje. Lambobin da take nuna maka daga manyan kwamfutocin hasashe suke zuwa, irin GFS na Amurka da ECMWF na Turai. Waɗannan sun yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 9 zuwa 13, sai su ba shi lamba ɗaya.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano wannan da sauƙi. A kan tsauni kuwa, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, Mambila kuma kusan 1,600, kuma tudu da kwari sukan faɗa cikin gida guda na lissafin. A nan ne tashar yanayi mai sarrafa kanta ke da amfani.

Me ke cikinta? Akwai ma'aunin zafi da laimar iska, da na gudun iska, da na ruwan sama. Na ruwan wani ɗan cokali ne mai baki biyu a ƙarƙashin mazurari. Idan ya cika sai ya tuntsure, na'ura ta ƙirga. A yawancinsu tuntsurewa ɗaya milimita 0.2 ce, milimita 1 kuwa na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Farantin sola ke cajin batiri, layin waya kuma ya tura bayanan zuwa intanet.

Ga manomin dankalin Turawa a Mangu ko Barikin Ladi, wannan zancen kuɗi ne. Cutar da ke ƙone ganyen dankali tana son sanyi da laima. A Birtaniya ana yin gargaɗi idan aka jera kwana biyu zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, laima kuma ta kai kashi 90 cikin 100 na aƙalla awa 6 kowace rana. Tashar da ke kusa da gona ce kaɗai za ta iya faɗa maka haka ta faru, ka yi feshi a kan lokaci maimakon ka ɓarnatar da magani kan zato.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, amma ba kowane ƙauye ke da tasha ba. Shi ya sa shirin TAHMO ya sa burin kafa tashoshi 20,000 a Afirka, akasari a harabar makarantu.

Kai ma za ka iya haɗa ƙaramar taka: allon ESP32, ma'aunin BME280, SIM800L don tura bayanai, da batirin 18650. Ka rubuta masa umarni ya farka duk minti 10, ya auna, ya tura, ya koma barci don batiri ya daɗe.

Sai dai wurin kafawa ya fi kayan muhimmanci. Ma'aunin zafi ya zauna tsakanin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, cikin farar rumfa mai shan iska, nesa da rufin kwano. Mazurarin ruwa ya nisanci bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. A riƙa share shi, domin ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da gidan zanzaro na toshe shi, na'ura ta yi ta rubuta sifili alhali ruwa na zuba. Idan bayanai sun fara shigowa, ka riƙa tura su ga manoman yankin ta WhatsApp ko saƙon tes, cikin harshen da suke ji.