Ƙurajen Kaji: Ciwon Da Ke Karya Ciniki A Adjame Da Treichville

Duk wanda ya taɓa sayar da kaji ya san mai saye fuskar kaza yake fara dubawa kafin ya ɗaga ta ya ji nauyi. A kasuwannin Adjame da Treichville da ke Abidjan, inda Hausawan Nijar da Nijeriya suka daɗe suna neman abinci, kajin gida na da farin jini, kuma da yawansu daga Burkina Faso da arewacin Kodebuwa ake ɗauko su cikin kwanduna. To amma da zarar an ga baƙin ɓawo a zanko ko gefen ido, ciniki ya lalace, domin kuwa mai saye gaba zai yi, ko ya taya da wulaƙanci.

Tsoron nasu na da tushe. A shekarar 2006, bayan murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta Jihar Kaduna da Magariya ta Nijar, an tabbatar da ita a Abidjan, a Marcory da Treichville. Sai dai ita wannan kisan gaggawa take yi, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, gari ya waye kaji sun zube. Wanda ya ga haka ya garzaya wurin malaman dabbobi, kada ya yanka, kada ya sayar.

Ƙurajen da muke magana a kai daban ne, kuma ba sa kama mutum. Sauro ne babban mai yaɗa su, shi ya sa suka fi yawa da damina, musamman daga Mayu zuwa Yuli, a gari irin Abidjan da ruwa ya ratsa ta ko'ina. Sukan fara fari-fari, su koma rawaya, sannan su yi baƙin ɓawo wanda zai faɗi da kansa cikin mako 2 zuwa 4. Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, jinya ce kawai. A ware kazar, a goge wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa aidin irin su Betadine ba tare da ya shiga ido ba, in ɓawon ya yi tauri a tausasa shi da man kaɗanya. Kada a ɓare shi da farce. Ni kaina na taɓa yi wa wani zakarana haka, jini ya yi ta zuba, bayan kwanaki sauran na akurkin suka kama, ashe cutar na iya yin watanni da ranta cikin ɓawon da ya faɗi ƙasa. A share shi a ƙone.

Wanda ya fi haɗari shi ne na cikin baki da maƙogwaro, inda kaza ke buɗe baki tana neman numfashi, ta kasa cin tsaba. Wannan kam yana kisa, tsaki ya fi shan wahala, sai an haɗa da likitan dabbobi.

Akwai kuma raunin hanya, na matsatsin kwando da igiyar ƙafa da saran juna. Kaza in ta ga ja ba ta bari, saboda haka bayan an wanke, shuɗin maganin nan GV ya fi dacewa, tunda yana ɓoye launin jinin.

Masu bugo mana waya a gidan rediyo sukan ambaci baƙin man mota da kananzir da kafso mai ja da rawaya. Baƙin mai da kananzir ƙona fata suke yi, kuma guba ce ga naman da mutum zai ci. Kafso kuwa ba ya taɓa ƙwayar ƙurajen, asarar kuɗi ce in ba miki ne ya yi ruwa ba.

Ga fataken Jibiya da Illela da Ƙonni da Maigatari masu kiwo a gida, akwai rigakafin da ake tsirawa a fatar fiffike, bayan kwana 7 zuwa 10 a duba, in wurin ya ɗan tasa ya kama ke nan. Sabbin kajin da aka sayo kuwa a ajiye su gefe na mako 2 kafin a haɗa su da na gida.