Riguna uku marasa kauri sun fi jibgegiya ɗaya a kan babur

Duk wanda ya taɓa tashi daga Kumasi bayan sallar asuba a watan Janairu, ya nufi Tamale a kan babur don jana'iza ko ɗaurin aure, ya san abin da muke nufi. Kafin ka kai Techiman haƙora na kaɗawa. Ka wuce Kintampo rana ta ɗaga, rigar da ta cece ka da safe ta zama tanda. Tafiyar kusan kilomita 380 ce, kuma a arewacin Gana lokacin hunturu asuba kan sauka ƙasa da digiri 20, azahar ta kai 35 ko ta wuce.

Sanyin kan babur ya fi na mai tafiya a ƙasa, domin iska tana kwashe ɗumin jiki da sauri. Idan rigar ta jiƙe da zufa ko ruwan sama, abin ya ƙaru. Yatsun da suka sandare ba sa kama birki da wuri, wanda kuma sanyi ya ratsa, hankalinsa kan ragu a kan titi. Dattawanmu sun fi shiga haɗari: sanyi yana matse jijiyoyin jini, ya ƙara wa mai hawan jini matsala, busasshiyar iska mai ƙura kuma tana tayar da asma.

Dabarar ita ce sutura hawa uku, wadda za a iya ragewa ko ƙarawa a hanya.

Ta farko, mai taɓa fata, aikinta kwashe zufa. Auduga tana shan zufa ta riƙe, sai ta yi sanyi a jiki. Irin rigar 'yan ƙwallo ta fi, don tana bushewa da wuri.

Ta biyu ita ce mai riƙe ɗumi, wato suwaita ko rigar ulu. Iskar da ta maƙale tsakanin riga da riga ce ke ɗumama mutum, saboda haka kada ta matse ƙwarai. Ita ce za a fara cirewa idan rana ta yi.

Ta uku, ta waje, ita ke tare iska da ruwa. A nemi mai zif har wuya, mai matse wuyan hannu, mai launi mai haske don direbobi su hango ka cikin hazo. Da damina, rigar ruwa ta zauna a jaka kullum, a saka ta tun hadari na haɗuwa. Duk waɗannan ana samunsu cikin kayan gwanjo a Kejetia ko Kantamanto da kuɗi kaɗan.

Kada a manta da safar hannu, safar ƙafa da takalmi rufaffe. Silifa ba ta hawan babur ba ce, musamman ga mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin rauni da wuri. A rufe hanci da baki saboda ƙura. Hular sanyi ko rawani ba sa maye gurbin hular kwano, kuma dokar hanya ta Gana ta wajabta ta ga mai tuƙi da wanda aka goya.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Babbar riga, jallabiya, mayafi da dogon hijabi suna iya shiga sarƙa ko taya, su fizgo mutum ƙasa. Alhaji, a naɗe babbar rigar a jaka, a saka ta idan an isa. Hajiya, a tattare bakin hijabi da zane a zauna a kai, ko a cusa cikin rigar waje. Yaron da aka goya a duba hannuwansa a kowace tsayawa, don ba lallai ya faɗa ba.

Idan ka ji karkarwa ta ƙi tsayawa, ko magana ta fara nauyi, ko barci na fizgarka, ka tsaya. Canja rigar da ta jiƙe, sha shayi ko koko mai zafi, ka huta. Da rana kuma a cire ta tsakiyar, a sha ruwa sosai. Idan an ji ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya, asibiti mafi kusa za a nufa.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.