Uwargida, Ina Kike Zubar Da Ruwan Wankinki?

Kowace damina, musamman lokacin marka a watan Agusta, sai mu ji katanga ta faɗi ko ɗaki ya rufta a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, mu ce ruwa ne ya yi yawa. Gaskiya ne kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwa, amma sau da yawa ɓarnar daga ƙarƙashin ginin take somawa.

Masana sun nuna cewa a wurare da dama na shiyyar Funtuwa har zuwa Zariya, ƙasar saman iska ce ta kwaso ta daga arewa shekaru dubbai da suka wuce. Irin wannan ƙasa akwai ƙananan kafofi a cikinta, ɗan yumɓu ne kawai ke riƙe da ƙwayoyinta. Da rani tauri gare ta, magini ya haƙa ya ce ta yi. Da zarar ta jiƙe alhali gini na danne da ita, sai yumɓun ya saki, kafofin su rufe, ta lotsa. Kuma ba ta lotsawa bai ɗaya. Ɓangaren da ya sha ruwa shi ke sauka, ɗayan yana nan, sai bango ya tsage.

To uwargida, nan ne naki hannun ya shigo. Ruwan wanki da na wanke-wanke da ake sheƙawa a gindin katanga kullum, rariyar da ta toshe, indararon da ke zuba jikin bango, masan da aka haƙa dab da ɗakin kwana, duk jiƙa harsashi suke yi a hankali. A gyara rariya ta fitar da ruwa nesa, a yi daɓe mai gangara a kewayen ɗaki.

Ki kula da tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga, da ƙofar da ta soma cijewa. Shafe ta da yaɓe (abin da muka fi saurin yi kenan idan biki ya matso) ɓoye ciwo ne kawai. Ki sa gawayi ki yi alama a ƙarshenta. In ta wuce alamar, ko ta kai a zura yatsa, ki kwashe yara daga ɗakin a ranar, ki sanar da maigida a kira injiniya.

In kuwa fili za ku saya, ku tambayi dattawan unguwa ko tsohon kududdufi ne aka cike. A wurin gini kuma a haƙa har a tarar da marmara ko ƙasa mai ƙarfi, a jiƙa cikon a daddaɓe shi sosai kafin a aza tubali na farko.