Tsohuwar Jif Gidan Ƙasa Ce

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san lokacin hawa soro. Da zarar bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai maigida ya jingina tsani ya hau rufi. Ya duba inda ya tsage, ya zura sanda a indararo ya zaƙulo ledoji da busasshen ganye, sannan a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe. Ba ya jiran magini don wannan ɗan aiki. Gidan da ake yi wa haka, kaka ya kwana a ciki, jika ma zai kwana. Wanda aka yi wa sakaci kuwa, damina biyu ta isa ta zaunar da shi.

Haka tsofaffin motocin nan masu jan ƙafa huɗu suke, irin su Land Cruiser da Hilux da Patrol da Pajero, da kakarsu Land Rover wadda ta fara fitowa tun 1948. Su ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, su ke keta rairayi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, su ke kai maganin asibiti ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Da yawansu sun girmi direbobinsu. In ka ga ɗaya tana aiki garau bayan shekara talatin, to tana da maigida mai hawa soro da kansa.

Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta. Itatuwan nan da suka fiffito daga jikinta, a kansu masu yaɓe ke taka ƙafa. Tun ranar gini aka yi tanadin ranar gyara. Injin 1HZ da Toyota ta fitar a 1990, mai silinda shida da lita 4.2, da irin wannan tunanin aka ƙera shi. Ba shi da turbo, ba kwamfutar da ke ba shi umarni, kuma in ka ɗaga bonet hannunka zai kai kusan ko'ina. Sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17, da filaya da sukudireba, sun isa su yi maka rabin aiki a gindin bishiya.

Babban darasin gidan ƙasa shi ne, inda ruwa ke ɗigowa ba nan ya shiga ba. Yakan shiga ta wata 'yar tsaga can kusa da rawanin soro, ya bi jikin azara a hankali, ya zo ya ɗigo a kan gado. Wanda bai san gini ba zai yi ta liƙe saman gadon, ruwa na canja wurin ɗiga, shi kuma yana canja wurin ajiye roba. A gareji ma haka ake yi kullum. Mota ta ƙi tashi da safe, sai a ce batir ne, a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo sabo. Bayan sati guda ta koma gidan jiya, don ba a taɓa ainihin ciwon ba. Alhali da an kunna fitilar gaba an murɗa makulli, da motar ta yi bayani da kanta. In fitilar ta dushe kamar za ta mutu, to wutar ce ba ta isa ba, ko daga batirin ko daga kawunansa. In fitilar tana nan da haskenta amma ba ka jin komai sai ƙas, a nemi kik da wayoyinsa. Sau da yawa laifin bai wuce farin garin nan da ke taruwa a kan batir ba, wanda ruwan zafi da 'yar kanwa ke wankewa, ko kuma wayar da ta haɗa batir da gangar mota ta yi tsatsa. Mai ƙaramar mitar gwaji ya huta da gardama. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6 in mota tana kashe, in injin na aiki kuma ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, caji ne babu, kuma ko batir goma ka saya haka za su mutu ɗaya bayan ɗaya.

Inda abin ya fi kama da yoyon rufi shi ne motar gas da ke juyawa da ƙarfinta amma ta ƙi kamawa. Babban maƙiyin injin dizal iska ce a cikin hanyar mai. A saman filtar man akwai wani ɗan famfo da ake dannawa da tafin hannu. Ka yi ta danna shi, da farko lagwaf-lagwaf, har ka ji ya yi tauri, ka ba ta wuta, ta tashi. Madalla. Amma in gobe da asuba ka tarar famfon ya sake yin laushi, to akwai wata kafa da iska ke shiga. Abin haushin kuma, ba za ka ga ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba, domin daga tanki zuwa famfon injekta tsotsar man ake yi, ba tura shi ake ba. Tsagar da ke jikin tiyo ba ta fitar da mai, iska take sha. Dabarar gano ta mai sauƙi ce. Ka samo guntun farin tiyon nan da magina ke auna daidaiton gini da shi, ka jona shi tsakanin filta da famfon injekta, ka tayar da injin ka zuba ido. In ka ga kumfa na wucewa kamar jerin tururuwa, sai ka bi hanyar man da baya, gaɓa-gaɓa, har ka iso wurin tsohon tiyon da rana ta busar ko zoben robar da ya gaji. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, amma an sha sauke famfon injekta sukutum saboda shi.

A gindin filtar nan kuma akwai ɗan murfin da ake kwancewa a zubar da ruwa. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka can yake kwanciya. Duk mai shan man jarka a bakin hanya, wannan murfin ya zama abokinsa.

Hayaƙi ma magana ce. Baƙi ya ce mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a lokacin hunturu ba sai an je da nisa ba, filtar iska ce ƙura ta toshe. Shuɗi ya ce injin na cin baƙin mai. Fari da sanyin safiya wanda ke ɓacewa bayan mintuna kaɗan ba abin tayar da hankali ba ne. Farin da ya ƙi tafiya, ga ruwan lagireto na raguwa, shi ne ake tsoron gasket.

Sai maganar indararo, wadda ita ce ta fi damuna, don kusan ba wanda ke tunawa da ita. Indararo ba shi da tsada, ba shi da kyan gani, amma in ya toshe ruwa zai kwanta a kan rufi har nauyi ya karya azara. Kowane aksul na jif yana da irin nasa: wani ɗan bututun numfashi a samansa, bai fi ɗan yatsa ba, mai hula. In mota ta yi tafiya man giyar da ke ciki yakan yi zafi, iska ta kumbura, ta nan take fita. Laka ta toshe shi, iskar ta rasa hanya, sai ta tura mai ta robobin da ke tare shi. Maigida ya ga mai na tsiyaya a jikin taya, wani lokaci har ya jiƙa birki, ya kai gareji a canja roba. Wata biyu ta sake zuba, a zagi mai sayar da kaya a ce jabu ya bayar. Ba wanda ya sunkuya ya murza hular nan da yatsa ya ji ko tana motsi.

Ta nan ɗin ne kuma ruwa ke shiga. Aksul ya yi zafi, ka afka rafi da shi, sanyi ya buge shi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Don haka duk wanda ya ƙetare kwari da damina, in ya isa gida ya kwance notin awon mai ya tsoma yatsa. Man giya mai lafiya kalar zuma gare shi ko ya fi ta duhu. In ya fito kamar shayi da madara, a zubar da shi a ranar, kafin boris ya fara kuka. Masu hikima sukan jona wa bututun dogon tiyo su ɗaure bakinsa can sama cikin ɗakin injin, su huta. A haɗa da ba wa farfela giris ta 'yan nonuwan da ke gaɓoɓinta, har sai sabon giris ya turo tsoho waje.

Ɗakin da ba a kwana a ciki shi gara ke fara ci. Akwai masu jif a birni da ke shekara ba su taɓa ƙaramar giyar nan ta taimako ba, sai ranar da suka kafe a taɓo a hanyar ƙauye su tarar ta ƙi shiga. Ya kamata ko sau ɗaya a wata a murɗa makullan cibiyar tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, a yi 'yar tafiya a turɓaya, mai ya zaga ko'ina. Kuma in ka saka giyar amma tayoyin baya kaɗai ke haƙa rami, kafin ka ce giya ta mutu sauka ka duba makullan nan biyu. Ko ɗaya ne bai shiga ba, gaba ba za ta ja ba. Amma fa da ka hau kwalta ka mayar da ita 2H, wato jan ƙafa biyu. Galibin waɗannan tsofaffi, in an saka 4H, wato jan ƙafa huɗu, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai. A turɓaya taya na ɗan zamewa ta sauke wannan ƙarfi, a kwalta kuwa ba zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin giya har sitiyari ya yi nauyi, giyar ta ƙi fita, wani lokaci wani abu ya ɓalle. In ta maƙale, 'yar tafiya da baya a miƙe takan sake ta.

Akwai kuma gyaran da ya fi ɓarna muni. Mutum ya sami kuɗi ya shafe bangon ƙasa da siminti, ya yi kyau shekara ɗaya. Siminti ba ya numfashi, laima ta taru a bayansa, ranar da zai ɓamɓare da rabin bangon yake tafiya. Irin wannan gyaran ya cika garejinmu. Fiyus ya ƙone, maimakon a tambayi me ya ƙona shi sai a naɗa masa zaren waya, a mayar da mai gadi ɓarawo. Ruwa ba ya tsami banza. Fiyus ɗin mutuwa ya yi don kada wayoyin motar su kama wuta. Injin ya fara zafi, abu na farko da bakanike zai yi shi ne ya cire tamostat ya jefar, ya ce ai don ƙasar Turawa aka yi shi. Ban yarda da wannan ba. Motocin nan da shi suka yi shekaru suna aiki a hamadar Larabawa da ta Ostareliya. A injuna da yawa ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa, in an cire shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye bai leƙa lagireto ba. In ya lalace a sa sabo, sannan a nemi ainihin dalilin zafin: lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishiri da tsatsa, fanbel mai laushi, murfin da ba ya riƙe iska, ko fankar da ƙarfinta ya ƙare. Haka nan haɗa tayoyi masu girma daban-daban don araha, a motar da ke ɗaure gaba da baya, sayen rigima ne da kuɗinka.

Sai dai ko a gidan ƙasa akwai aikin da ba na maigida ba. Yaɓe naka ne, canja azara na magini ne. Cikin famfon injekta da gwajin nozul a bar wa masu na'urar aikin. Man da ke fita daga bakin nozul yana da ƙarfin huda fata, kada ka kai hannu wurin don neman yoyo. Bel ɗin taimin na tsohon injin 1HZ ana canja shi a wajen kilomita 100,000, akwai ma fitilar T-BELT da ke tunatarwa, kuma in ya tsinke a guje fistin zai haɗu da bawul, asarar ta zama ta kan injin gaba ɗaya. Wanda bai taɓa ganin an yi aikin ba, ya tsaya kusa da gwani ya kalla tukuna. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Kada kuma a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Land Cruiser na iya haura tan biyu, a sa mata gungumen katako mai kauri, a tare tayoyin da dutse, ba bulon siminti ba, don bulo farfashewa yake ba sallama.

Ga mai niyyar sayen ɗaya daga cikin tsofaffin nan, kada fenti da ƙarar injin su ruɗe ka. Mai sayen gidan ƙasa gindin bango yake dubawa, inda laima ke ci. Ka shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen maƙalin sifirin na baya inda laka ke kwana, balle in motar daga Turai aka shigo da ita, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Injin ana sauke shi a sa wani, giya ma haka. In gudumar ta huda shasi kuwa, ka tashi ka kakkaɓe rigarka ka bar wa mai ita abarsa.