Daga Malindi Zuwa Dajin Shakahola: Yadda Malamin Ƙarya Ke Raba Mutum Da Mutanensa

A watan Afrilun 2023 'yan sandan Kenya suka shiga dajin Shakahola da ke gundumar Kilifi, ba nisa da garin Malindi na bakin teku. Suka tarar da kaburbura marasa zurfi birjik, ga kuma mutane kwance a ƙasa sun zama fata da ƙashi, wasunsu ma suna ƙin karɓar ruwa daga hannun masu ceto. Gawarwakin da aka tono sun haura 400, da yawansu na yara ne. Mabiyan wani mai wa'azi ne, Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da umartarsu su yi azumi har mutuwa wai don su sadu da Yesu. Waɗanda suka tsira sun ce jeri aka yi: yara tukuna, sai mata, sannan maza. Binciken likitoci ya nuna ba yunwa kaɗai ta yi kisan ba, wasu shaƙe su aka yi, wasu kuma duka. Shi dai ya musanta laifin a gaban kotu.

Duk wanda ya ji labarin nan sai ya girgiza kai ya ce ai shi ba za a yi masa haka ba. A yi hattara da wannan magana. Cikin waɗanda suka bi Mackenzie daji har da masu ilimi, har da wata ma'aikaciyar jirgin sama da ta ajiye aikinta. Kuma ba da maganar mutuwa ya fara ba. Tsohon direban tasi ne, ya buɗe cocinsa a Malindi a 2003, ya yi shekaru yana wa'azi ana cika benci. Sannu a hankali ya soma cewa makarantar boko ta Shaiɗan ce, zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, lambar shaidar ɗan ƙasa da gwamnati ta kawo kuma alamar dabbar nan ce ta littafin Wahayi. A 2017 aka kama shi kan hana yara karatu, ya fito. A 2019 ya rufe cocin ya koma daji, mutane suka sayar da kayansu suka bi shi. Shekara 20 ke nan tsakanin buɗe coci da tono kaburbura. Kowane mataki ya yanke wa mabiyin igiya ɗaya, ta malamin makaranta, ta likita, ta dangi, har ya zama ba muryar da yake ji sai ta mutum guda.

Haka aka yi a Kanungu ta ƙasar Uganda. Shugabannin wata ƙungiya, Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde, suka ce duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da dukiyarsu suka miƙa. Ranar ta wuce duniya na nan daram, aka fara guna-guni. Ranar 17 ga Maris 2000 wuta ta cinye ɗaruruwa a cikin majami'ar da aka rufe, aka kuma gano wasu gawarwaki a gidajen ƙungiyar, jimilla fiye da 700. Ga shi kuwa Matiyu sura 24 ta nuna ƙarara cewa ranar nan ba wanda ya san ta sai Uba.

Mu a nan ba mu kai dajin ba, amma matakan farko mun san su. Mun san kwalbar mai da ledar ruwa da ake sayarwa a bakin majami'a da sunan shafewa. Mun san "shuka iri" da ake yanka wa farashi kamar buhun masara a kasuwa, wai gwargwadon kuɗinka gwargwadon albarkarka. Akwai matar da aka ce mata surukarta ce ta ɗaure mata mahaifa, gida ya watse. Akwai mai hawan jini da mai shan maganin ƙanjamau da aka sa suka zubar da ƙwayoyinsu a gaban jama'a ana tafi, bayan 'yan watanni zumuntar mata ta je gaisuwar mutuwa. Idan ka buɗe baki za ka yi tambaya, sai a ce "Baba ya faɗa, kai wane ne?", a jawo maka ayar Zabura 105 da ta hana taɓa shafaffun Allah, kamar tambaya duka ce.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan tsoron ba. A Ayyukan Manzanni sura 17 an yabi mutanen Biriya saboda kullum sukan koma Nassi su duba ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa, manzo sukutum! Shi kansa ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, kamar yadda ya ba da labari a Galatiyawa sura 2. Da Siman mai sihiri ya fito da kuɗi zai sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya fatattake shi. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Wanda ya ce a daina aiki a zauna jiran ƙarshen duniya kuwa, wasiƙa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa ta riga ta ba shi amsa. Cikakken Littafin nan yana hannunmu da Hausa tun 1932, yau har a waya ana sauraronsa kyauta. Idan mai wa'azi ya karanta aya ɗaya ya gina wa'azin awa biyu a kanta, koma gida ka karanta surar daga farko zuwa ƙarshe. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa.

Tambaya ɗaya nake ganin ta fi kowace amfani: wa zai iya dakatar da mutumin nan idan ya kauce? A ikkilisiyoyi irin su ECWA, COCIN, EYN, Angilikan da Katolika akwai dattawa, majalisa ko bishop da fasto ke ƙarƙashinsu. Ba wai ba a yin ɓarna a can ba, ana yi, wani lokaci ma a rufe. Amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Inda mutum ɗaya shi ne mai coci, shi ne ma'aji, matarsa ce sakatariya, ba a karanta lissafin baiko ko sau ɗaya a shekara, to wa za ka kai wa ƙara?

Idan ɗan'uwanka ya riga ya shiga, kada ka zage shi, kada ka yanke zumunci, domin tun da wuri an gaya masa danginsa za su tsananta masa, zaginka tabbatar da annabcin zai yi. Ci gaba da kai ziyara, ka riƙa tambayarsa a natse inda aka rubuta abin da ake koya masa. Amma da zarar ka ga an cire yaro daga makaranta, ko an hana marar lafiya asibiti, ko an sa ƙananan yara azumin dole, magana ta wuce ta cikin gida. A sanar da dattawan ikkilisiya da mai unguwa, a kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a a ranar, kada a jira Lahadi.